Darussan da na koya kan mayar da tsohuwar waya yadda ta fito daga kamfani

Kuskuren da ya fi ɗaci a wannan aiki shi ne wanke wayar Android, wato share komai ta koma yadda ta fito daga kamfani, ta hanyar madannai alhali asusun Google yana kanta. Abin takaicin, wannan hanyar ake fara koya wa yaron shago: kashe waya, danne madannin ƙara sauti da na tsakiya da na kunnawa tare idan tsohuwar Samsung ce, gangara zuwa inda aka rubuta "wipe data/factory reset", ka tabbatar. Kafin minti biyar an gama.

Abin da ba a faɗa masa shi ne, tun daga Android 5.1 a 2015 Google ta saka makulli domin ɓarayi. Duk wayar da aka wanke ta wannan hanya za ta kunnu lafiya lau, ta nemi intanet, sai ta tsaya cak tana neman imel da kalmar sirrin asusun da ke kanta a da. Mai wayar kuwa sau da yawa wani ne ya buɗe masa asusun shekaru da suka wuce, layin da aka yi rajista da shi ma ya daɗe da mutuwa. Wayar da nauyi kawai take yi ta koma ba ta moruwa, kuma yaron ake ɗora wa laifi, ba wanda ya koya masa rabin aiki ba. Wannan rashin adalci ne, domin tambaya ɗaya ce da ta hana.

Don haka kafin a taɓa komai, mai waya ya shiga asusunsa a wata na'ura a gabanka. "Na sani" ba hujja ba ce, sai ka ga ya buɗe. Daga nan a shiga saitin waya, sashen asusu, a cire na Google, a cire na Samsung idan akwai, a cire makullin fuska, sannan a yi wankin daga cikin saitin. Madannai na wayar da ta ƙi buɗewa ne kaɗai. Idan kuma yanzu aka canza kalmar sirri, a dakata awa 24. Wasu tsofaffin wayoyin sai sun cika awa 72 kafin su karɓi sabuwar. A iPhone ma haka abin yake tun iOS 7 a 2013: sai an fita daga iCloud, wato asusun Apple da ke kan wayar.

Darasi na biyu ya shafi wayar da za a sayar. Yawancin waɗanda suka fito kafin Android 6 ba sa kulle bayanai da kansu (abin da ake kira "encryption" a saiti), shi ya sa wanki ba ya share hotuna da gaske, sunayensu kawai yake gogewa, mai manhajar tono zai iya dawo da su. A fara kulle bayanan a sashen tsaro, waya na jone da caji, aikin kan ci awa ɗaya ko fiye, sannan a wanke.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Caji ya kai kashi 70, domin tsohon batir yana yaudara, waya kuma idan ta mutu tsakiyar wanki tana iya maƙalewa a tambarin kamfani. A zare layi da memori. A duba ko lambobin mutane a cikin wayar aka ajiye su, a kwashe hirar WhatsApp tukuna.

Tsofaffin Nokia masu tsarin Symbian kuwa, lambobi ake dannawa a wajen kira: *#7780# saiti kawai yake mayarwa, *#7370# shi ke share komai, lambar tsaronsu ta asali 12345 ce idan ba a canza ba. A tsohuwar Samsung, *2767*3855# ba ya tambayar ko ka tabbata. Kana danna alamar ƙarshe ya fara sharewa.