Alƙalin sa kai a besbol na yara: daga ina kuskuren ke fitowa?

Tun da Carl Stotz ya kafa Little League, gasar besbol ta yara, a garin Williamsport na Amurka a 1939, 'yan sa kai ne ke ɗauke da gasar, har da alƙalan wasa. Wani lokaci uban wani yaro ake jawowa daga cikin 'yan kallo, a miƙa masa makarin fuska da na ƙirji, a ce ga fili ga mai doki. Da ya yi kuskure sai iyaye su ce son kai ne ko makanta. Akasari ba haka ba ne, wurin tsayuwa ne da garaje.

A fara da alƙalin da ke bayan mai cafe ƙwallo. Sabon shiga yakan laɓe daidai bayan kan yaron don tsoron kada ƙwallo ta same shi, daga nan kuwa ba ya ganin jifan da ya yi ƙasa ko ya karkata waje. Wurinsa shi ne ratar da ke tsakanin mai bugu da mai cafewa, haɓarsa daidai saman kan mai cafewa, kai a tsaye cak, ido kaɗai ke bin ƙwallo har ta shiga safar hannu. Farantin gida, wato farantin da ke ƙasa gaban mai cafewa wanda jifa mai kyau ke bi ta samansa, faɗinsa inci 17 ne, jifa mai kyau kuma daga hamatar mai bugu zuwa saman gwiwarsa yake. Yaro ɗan shekara 9 gajere ne, alƙalin da bai durƙusa sosai ba zai riƙa amincewa da jifan da ya wuce hamata.

Sai garaje. Tazarar mai jifa daga farantin gida ƙafa 46 ce kacal, sai ka ga hannun alƙali ya tashi ƙwallo ba ta iso ba. Ya bari ya ji ƙarar shigarta, ya ɗan numfasa, sannan ya yanke. Haka ma a tashar farko, inda mai bugu ke fara rugawa bayan ya buga ƙwallo: ido a kan ƙafar mai gudu, kunne a kan safar mai tsaro, kuma kada ya ce an fitar da yaro sai ya tabbata ƙwallon ba ta suɓuce ba. A hannun yara kuwa suɓucewa ba abin mamaki ba ce. Ya tsaya cak kafin hukunci, domin alƙalin da ke gudu dishi-dishi yake gani.

Inda 'yan sa kai suka fi shan kunya shi ne dokokin da ba sa gani a talabijin. A filin da tashoshi ke da tazarar ƙafa 60, mai gudu ba ya barin tasharsa sai jifa ya isa wurin mai bugu. Ɗan shekara 11 ko 12 ba ya wuce jifa 85 a rana, ɗan 9 ko 10 kuma 75. Koci ba shi da damar ɗaukaka ƙara kan abin da idon alƙali ya gani, amma yana da ita idan an karkatar da doka, shi ya sa littafin dokoki ya fi dacewa da aljihun alƙali fiye da akwatin mota.