Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Sarauniyar Cikin Kaset

A makon jiya na tsaya ne a ranar da kamfanin da nake wa aiki ya tura ni gidan wata tsohuwa a West Hampstead, arewa maso yammacin Landan. Farkon 2008 ke nan. Ba zan kama sunanta ba, don 'ya'yanta na nan da rai. Ni dai Kaka nake ce mata, ita kuwa har ta koma ga Mahaliccinta ba ta iya faɗin sunana daidai ba.

Aikin ba ɓoyayye ba ne. Ƙarfe bakwai na safe in buɗe ƙofa da makullin da ke hannuna, in tashe ta, in yi mata wanka, in canza zanen gado idan dare ya yi ɓarna, in ba ta magani daga wani ɗan akwatin roba mai gida bakwai, kowace rana da gidanta. Sai shayi da madara, sai biredi gasasshe. Idan 'yan gida suka bugo waya daga Zariya suka ce, "Yaya aiki?" sai in ce ina aikin asibiti. Ni da na yi shekara tara da alli a hannu ina koyarwa, bakina bai iya furta cewa tsofaffin Turawa nake wankewa ba. Kunya ce, kuma yau na san kunyar banza ce.

Kaka tsohuwar malamar makaranta ce, 'yar Birkenhead, garin da ke ƙetaren kogin Mersey daura da Liverpool. A falonta akwai na'urar bidiyo ta kaset, irin wadda ko a gida mun daina gani. Kasusuwan sun kai talatin, amma guda shida ne kwalinsu ya yi laushi don yawan taɓawa. Kullum bayan abincin rana sai ta nuna su da sandarta. Wasan kwaikwayo ne mai kashi shida da BBC ta yi a 1971 kan Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, sunansa Elizabeth R. Ranar farko ina ninke kaya ina satar kallo, sai na ga wata mace mai faɗin goshi, fuska fara fat da hoda, ta daka wa wasu dattawa tsawa sun yi tsit. Na ajiye tawul ɗin da ke hannuna. Muryar ce ta kama ni. Babu zaƙi a cikinta ko kaɗan, sai kaifi, kamar ana wasa wuƙa a dutse.

Kaka ta ce, "Kin san ta?" Na ce a'a. Ta ce, "Ai ita ce 'yar majalisarki."

Na ɗauka ruɗin tsufa ne ya fara. Ashe gaskiya ta faɗa. Matar da ke cikin kaset ɗin ita ce Glenda Jackson, kuma tun 1992 take wakiltar mazaɓar Hampstead da Highgate a Majalisar Dokokin Birtaniya a ƙarƙashin jam'iyyar Labour. Na sha ganin hotonta a takardun da ake zuro mana ta ramin ƙofa, tsohuwa mai gajeren gashi, babu ko ɗigon kwalliya. Ban taɓa kawo wa raina sarauniya ce ba.

Tarihinta a bakin Kaka na fara jin sa, guntu-guntu, yau kaɗan gobe kaɗan, daga baya 'yata ta fari ta cike mini sauran daga intanet. An haife ta ranar 9 ga Mayu, 1936, a Birkenhead, ta tashi a Hoylake da ke kusa. Ita ce babba a cikin 'ya'ya mata huɗu. Mahaifinta magini ne, mai jera bulo. Mahaifiyarta kuwa shara da goge-goge take yi a gidajen mutane da sauran ƙananan ayyuka. Wannan wurin Kaka ta fi maimaitawa, tana kallona ta saman tabarau, kamar ta san abin da nake ɓoye wa 'yan Zariya. Da yarinyar ta bar makaranta, shekara biyu ta yi tana tsaron kanta a shagon magani na Boots, da yamma kuma ta tafi wajen 'yan wasan kwaikwayo na sa-kai. A 1954 ta samu gurbin karatu da tallafi a RADA, babbar makarantar koyon wasan kwaikwayo ta Landan.

Kada ku ɗauka daga nan sai daula. Ta gama makaranta ta shiga shekarun wahala, wani lokaci a daɗe babu wanda ya kira ta wasa. Ta yi kai abinci a shagon shan kofi, ta yi amsa waya a ofis, ta koma tsaron kanti. Fuskarta ba irin wadda masu fim na wancan zamani ke nema ba ce. Sai a 1964 ƙofa ta buɗe, da ta shiga kamfanin Royal Shakespeare, inda darakta Peter Brook ya ba ta matsayin Charlotte Corday a wasan Marat/Sade, wasan da ya kai su har dandalin Broadway a Amurka. Daga nan fim ya kira. Ta ci kyautar Oscar ta gwarzuwar 'yar wasa da fim ɗin Women in Love na 1969, ta sake ci da A Touch of Class na 1973. Duka biyun ba ta halarci bikin ba. Mutane na kashe dukiya a ɗinki don wannan dare, ita tana can tana harkar gabanta. Faɗin goshin nan kuma da na gani a kaset ba halitta ba ce: aske gaban gashinta ta yi don ta yi kama da sarauniyar da ta mutu tun 1603.

A wajenmu, idan 'yar fim ta ɓace daga allo, ba sai an tambaya ba, aure ne. Wannan siyasa ce ta ɗauke ta, tana da shekara 55, suna da kuɗi duk sun samu. Ta ajiye wasa gaba ɗaya ta koma karɓar koke-koken hayar gida da layin asibiti. Firaminista Tony Blair ya ba ta ƙaramar minista a ma'aikatar sufuri daga 1997 zuwa 1999, amma hakan bai rufe mata baki ba. Da aka zo yaƙin Iraƙi a 2003, tana cikin 'yan jam'iyyarsa da suka fi caccakarsa. Nan ne maigidana, wanda bai taɓa kallon fim ɗinta ko ɗaya ba, ya ce, "Wannan tsohuwa tana da ƙashin baya."

Sai zaɓen 6 ga Mayu, 2010. An sake shata mazaɓu, tamu ta koma Hampstead da Kilburn, gidanmu da na Kaka duk a ciki. Da yawa ba su san cewa ɗan Najeriya mai izinin zama yana jefa ƙuri'a a Birtaniya ba, albarkacin ƙungiyar Commonwealth. Ni kaina ban taɓa zuwa ba. Ranar Kaka ta tashi tun kafin in iso, ta zauna a bakin gado da kwat ɗinta a kan rigar barci, maɓallai a karkace. Lokacin mantuwa ta fara taɓa ta, takan nemi tabarau alhali yana kan hancinta, amma ranar zaɓe ba ta kuɓuce mata ba. Na gyara mata shiga, na tura ta a keken guragu har rumfar zaɓe, cikin zauren wata makarantar firamare. Babu soja, babu ɗan sanda, babu tawada a yatsa. Fensir ne ɗaure da zare a wani ɗan lungu na katako. Hannunta na rawa ta yi alamarta, ta ninke takardar sau huɗu. Da muka fito ta ce, "Saura ke." Da yamma na je tamu rumfar, na ja Malam muka tafi tare.

Sai da aka sake ƙirga ƙuri'u kafin a sanar. Glenda Jackson ta sha da ratar ƙuri'a 42 kacal a kan Chris Philp na jam'iyyar Conservative, a mazaɓar da kowannensu ya samu sama da dubu goma sha bakwai. Kaka ta yini tana cewa biyu daga cikin arba'in da biyun nan namu ne. Na ce uku, har da Malam. Shi kuwa har yau bai faɗa mini wanda ya zaɓa ba, sai dai ya yi murmushi ya ce ƙuri'a sirri ce.

A Afrilun 2013, da tsohuwar Firaminista Margaret Thatcher ta rasu, majalisa ta yi zaman ta'aziyya. Muna kallo a talabijin ni da Kaka. Kowa ya tashi sai yabo, har aka zo kan 'yar majalisarmu. Ta tashi ta zayyano yadda makarantu da asibitoci suka lalace a zamanin marigayiyar, da yadda marasa gida suka riƙa kwana a ƙofar shaguna. 'Yan ɗaya ɓangaren suka yi ta ihu, kakakin majalisa John Bercow ya ce ba ta karya wata doka ba. Ni dai jikina ya yi sanyi. Mu an hore mu da rufa wa mamaci asiri, kuma har gobe ina ganin da ta bari an binne matar tukuna. Amma muryar nan ce dai ta cikin kaset, ba ta rage komai ba. Kaka, wadda a lokacin ba ta gane ɗanta idan ya zo, ta ɗaga sanda ta ce, "Sarauniya!"

Kaka ta rasu a hunturun 2015, shekarar da Glenda ta sauka daga kujerarta, Tulip Siddiq ta gaje ta. 'Ya'yan suka zo da motar kwasar kaya, cikin kwana biyu gidan ya zama fayau. Kasusuwan nan shida a jakar shara na tsince su. Na roƙa aka ba ni. Suna nan a ƙasan gadona, ko na'urar kunna su ba ni da ita.

Ƙarshen 2016 'yata ta shigo da tikiti biyu. "Umma, tsohuwarki ta koma wasa." Shekararta 80, rabonta da dandali shekara 25, kuma ba matsayin wata kaka mai zaman kujera ta karɓa ba. Sarki Lear na Shakespeare za ta fito, matsayin namiji, wanda maza ƙarfafa ke tsoro, a gidan wasa na Old Vic. Muka hau jirgin ƙasa na layin Jubilee daga Kilburn zuwa Waterloo. Ban taɓa shiga irin wannan wuri ba. Kujerunmu can sama, ga ni da hijabi da filas ɗin shayi a jaka, ina ta addu'a kada barci ya kunyata ni, don an ce wasan ya haura awa uku.

Turancin na dā ne, rabinsa ya wuce ni. Labarin kuwa ko a Tudun Wada an san shi: dattijo ya raba dukiyarsa tun yana da rai, ya ba 'ya'yan da suka iya daɗin baki, ya kori wadda ta faɗa masa gaskiya, daga baya waɗanda ya ba suka rufe masa ƙofa. Da aka zo wurin da sarkin ke tsaye cikin hadari hankalinsa ya fara gushewa, na ga ƙafafunta sirara, na ga yadda yatsunta ke laluben riga suna neman abin da babu. Wannan laluben na san shi. Shekara bakwai ina ganin sa kowace safiya a bakin gado. Ban san ina kuka ba sai da 'yata ta miƙo mini hankici.

Ta ci gaba da aikinta bayan nan. Ta ci kyautar Tony ta wasan dandali a 2018 a Amurka, ta ci kyautar BAFTA ta Birtaniya a 2020 da wani fim na talabijin inda ta fito a matsayin tsohuwa mai ciwon mantuwa. Wannan ban iya kallonsa har ƙarshe ba. Ta rasu a gidanta da ke Blackheath ranar 15 ga Yuni, 2023, tana da shekara 87, bayan ta kammala fim ɗinta na ƙarshe tare da Michael Caine.

Amma na yi gaba da yawa. A daren nan na 2016, a jirgin komawa gida, 'yata ta sake tayar da maganar da ta yi shekara biyu tana damuna da ita, wato in koma makaranta in karanci aikin jinya. Kullum amsata ɗaya ce, cewa mai shekara 49 ba ta zama aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yanta. Ranar na buɗe baki zan faɗa, sai na ji maganar ta ƙi fita. Muna wuce tashar Finchley Road na ce ta turo mini fom ɗin a waya.

Yadda na kai wa Malam wannan magana, da abin da surukata ta ce da labari ya isa Zariya, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.