Yau kanta ta koma benci

Asabar, ƙarfe goma da rabi na dare.

Aikin kanta ya bar min kanta a tafin hannu. Da ƙyar nake riƙe wayar nan, amma in ban rubuta yanzu ba gobe zan manta rabin abin da ya faru, musamman wautar da na tafka da hantsi.

Kantar littattafai ce mai ramuka huɗu a jere, irin wadda ake sayarwa a shimfiɗe cikin kwali, a haɗo ka da takardar zane da ɗan makullin nan mai kusurwa shida, ka je gida ka haɗa abinka. Shekara biyar tana tsaye a lungun ɗaki. Littattafan sun daɗe da komawa wani wuri, ita kuma ta zama matattarar tarkace: tsofaffin caja, kwalaben turare da suka ƙare, takardun da ban san ranar karanta su ba. Tun watan jiya nake kallonta ina raya cewa in aka kwantar da ita a ƙarƙashin taga za ta yi benci mai kyau, ramukan kuma su ɗauki takalma da jakunkuna. Na auna ta da tef: tsawo santimita 147, faɗi 42, zurfi 39. Ta shiga wurin cif, kamar don shi aka yi ta.

Auta ya iso wajen ƙarfe tara da injin huda da ya aro. Na nuna masa kayan da na tara: ƙafafu huɗu gajeru masu tsawon santimita 10, kowace da farantin ƙarfe da ake ɗaura ta a kai, sai falankin filawud, soso, yadi, gam, samfefa da fenti. Ya dube su ya ce, "Yaya, wannan ai kafin azahar mun gama." Na ce Allah ya sa.

Muka kifa kantar, na sa alama da fensir, ya huda. Tun a noti na farko ya kamata jikina ya ba ni. Shiga ya yi sumul kamar an soka tsinke a auduga, kuma duk yadda na murɗa sukudireba bai tsaya ba, juyawa kawai yake yi. Auta ya ce ai haka sababbin notuka suke, ni kuma da yake ina son in yarda, na yarda. Muka ɗaura duka huɗun, muka juya ta, ta tsaya kyam, har na ɗauki hoto. Sai Auta ya ce bari ya ɗana. Yana zama na ji ƙarar wani abu kamar an yage kwali, ƙafar baya ta hagu ta karkace, ya zame ya dafa ƙasa yana dariya. Farantin ƙarfen ya fito gaba ɗaya da fatar allon a manne da shi, ya bar rami kamar faɗin tafin hannu.

Na durƙusa na haska fitilar waya a ramin. Babu katako a ciki. Takarda ce, ruwan ƙasa, an naɗe ta gida-gida tamkar saƙar zuma, an rufe ta sama da ƙasa da wani siririn allo da bai wuce kaurin milimita 3 ba. Na zura yatsa, ta lotsa. Shekara biyar ina goge allon nan mai kaurin kusan santimita 4, ina ganin ƙaton katako ne, ashe yawancinsa iska ce.

Da farko raina ya ɓaci, na ce an cuce ni. Da na zauna na huce sai na ga ba haka ba ne. Wannan saƙar takardar ita ce ta sa na iya ɗaukar kwalin ni kaɗai ranar da na kawo ta, ita ce kuma ta sa kuɗinta bai taka kara ya karya ba. In nauyi ya bazu a kan allon, yana ɗauka, domin dubban bangayen takardar a tsaye suke, kowanne ya tallafi nasa kason. Abin da ba ta iya yi shi ne riƙe noti, don noti tsoka yake nema ya ciza. Masu ƙera ta sun sa guntayen allo mai tauri a daidai inda nasu notukan za su shiga, can bakin kowane gefe. Ni ce na je na huda inda ba a tanadar min ba.

Na kira Kawu, wanda ya yi shekaru yana aikin kafinta kafin idonsa ya raunana. Bayan mun gaisa na karanta masa abin da ya faru. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗiyata, kin ƙwanƙwasa shi kafin ki huda?" Na ce a'a, Kawu. Ya ce to in sa wayar kusa, in bi allon da bayan yatsa daga wannan baki zuwa wancan. Na bi. A tsakiya yana amsawa fam, fam, kamar ganga. Da na kusa baki sai sautin ya mutu, ya koma tik, tik. Ya ce, "Yauwa, nan ne yake da nama. Duk abin da za ki ɗaura, nan za ki ɗaura shi."

Sai ya tambaye ni tsayin abin in an gama. Na lissafa masa: kanta 42, ƙafa 10, filawud ɗaya da 'yan kai, soso 5. Kusan 58 ke nan. Ya yi dariya har da tari. "Kujerar zama ai wajen 45 take. Ko da tsani za ki riƙa hawa?" Na auna kujerar da ke ɗakin yana kan layi, ta ba ni 45 daidai. Wato ƙafafun da suka ja min wannan ɓarna, tun asali ba a buƙatar su. Hoton wani benci na gani ya burge ni, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko ƙafata za ta taɓa ƙasa ba.

Amma ya ce kada in ajiye ta a ƙasa kai tsaye. Allunan da suka raba ramukan, da guntayen nan na baki, buraguzan katako ne aka cakuɗa da gam aka matse da zafi. Babban abokin gabarsu ruwa. In ruwan goge ɗaki ya shiga ta baki, sai su kumbura su yi burtsatsa, kuma ko sun bushe ba sa komawa. Shawararsa: sanduna biyu na katakon gaske, masu kaurin santimita 2, a shimfiɗa su a ƙarƙashi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a manna da gam, a ɗaure da noti a bakin da ke da nama. Su ɗaga ta daga ƙasa, su kuma raba nauyin. Na aiki Auta ya samo su.

Kafin ya dawo na bi tsofaffin notukanta da ɗan makullin nan, wanda ikon Allah ban jefar ba. Duk sun saki. Na zare allunan tsakiya ɗaya bayan ɗaya, na ɗiga gam a ramukan 'yan turakun katakon da ke riƙe su, na mayar. Wannan shawara ce da ba a komawa baya, don daga yau ba za ta sake warwaruwa ta koma kwali ba. Na ɗan yi jim kafin in matsa robar gam ɗin, sannan na ce ai dama ba ni da niyyar mayar da ita. Na auna daga kusurwa zuwa kishiyar kusurwa, sau biyu, gicciye. Bambancin ya kai santimita ɗaya, alamar ta karkace. Na jingina kafaɗa na tura har awon biyu suka zo ɗaya, na tokare ta da bango na bar gam ya kama.

Ramin da muka yi kuwa, na cusa masa guntun katako da gam, na rufe. A ƙasa yake, babu mai gani sai ni da na sani.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne fenti, kuma a nan ban yi wauta ba, domin na riga na yi ta a makon jiya. Na gwada shafa fenti kai tsaye a wani lungu, bayan kwana biyu na sa farce, ya kwaye kamar leda. Fuskar irin waɗannan alluna santsi gare ta kamar fomeka, ba ta shan komai. Don haka yau na ɗaura takunkumi, na buɗe tagogi, na bi ta ko'ina da samfefa mai lamba 180. Ba kankarewa ake yi ba, kashe ƙyallin kawai ake so. Hannu ya yi nauyi kaɗan sai ka huda fatar ka tarar da abin da ke ƙasa, na kuwa yi hakan a wata kusurwa. Na goge ƙurar da tsumma mai ɗan laima, na jira ta bushe, sannan na shafa fentin shimfiɗa mai shalak, wanda yake kama santsi ya ba fenti na sama wurin riƙewa. Warinsa har cikin ƙwaƙwalwa, amma kafin awa ɗaya ya bushe. Na sa farce a lungu, na danna da gaske. Ko gezau.

Muna zaune a ƙofa muna jiran warin ya fita Auta ya ce shi wa ma ya fara wannan dabara ta sayar wa mutane aiki. Na ba shi abin da na sani. Tun 1859 wani maƙerin kujeru, Michael Thonet, ya fitar da kujerarsa mai lamba 14 a Biyana, babban birnin Austriya, wadda ake aikawa a warware, guda 36 cikin akwati ɗaya mai mita ɗaya ta kowane gefe. Sai kuma labarin da kamfanin IKEA na Suwidin ke bayarwa, cewa a 1956 ma'aikacinsu Gillis Lundgren ya cire ƙafafun wani tebur don ya shiga mota, daga nan suka rungumi sayar da kaya a shimfiɗe. Auta ya ce, "Kin gani, Yaya, shi cire ƙafa ya yi ya yi suna, ke kuma kin dage sai kin sa." Na jefe shi da tsumma.

Da la'asar muka ɗaura sandunan. Na kankare santsin inda gam zai zauna, don farin gam na katako ba ya kama fuska mai sulɓi. Wannan karon na ƙwanƙwasa, na sa alama, muka fara huda ƙaramin rami kafin noti don kada allon ya tsage. Da na murɗa sai na ji yana turjewa, yana ƙara tauri, har ya tsaya cak. Daɗin da na ji a lokacin, ni kaɗai na san shi.

Filawud ɗin sama mai kaurin milimita 12 ne, shi zai hana gwiwar wani ko ƙafar yaro ta burma cikin takardar. Na manna salatif ɗin takarda a kan layin yanka kafin Auta ya sa zarto, bakin ya fito sumul ba tare da tsattsagewa ba. Na ɗora soso, na ja yadi. Gefuna ba su ba ni wahala ba: ka fara daga tsakiya, ka ja, ka kafa, ka koma ɗaya ɓangaren. Kusurwoyi ne suka kusa sa ni kuka. Sau uku ina warware ta farko tana fitowa kamar kunnen jaki. A ta huɗu na gane cewa yadin ne ya yi yawa, na rage shi da almakashi, na ninke kamar yadda ake naɗe kwalin kyauta. Biyu sun yi kyau, biyu kuma na juya su wajen bango.

Ko ba komai kwantar da ita ya raba ni da wata fargaba. Duk zuwan da 'yar Yayarmu za ta yi sai ta taka ramin ƙasa tana neman hawa, ni kuwa ban taɓa ɗaure kantar da bango ba, ƙarfen da aka haɗo don hakan yana nan a ledarsa. Ba ƙaramin abu ba ne: a 2016 an janye durowoyi kusan miliyan 29 daga kasuwa a Amurka saboda suna rikitowa kan yara. Doguwar kabad ɗin da ke ɗakin kwana ita ma haka take a sake. Na sa Auta ya ɗaure ta tun injin hudar yana hannunmu, minti goma bai kai ba.

Fenti na sama hannu ɗaya kawai na samu na yi kafin duhu, shuɗi mai duhu. Gobe hannu na biyu. A jikin gwangwanin an rubuta yana bushewa cikin 'yan awanni, amma Kawu ya ce bushewa daban, tauri daban, in ba shi makonni kafin in fara tura takalma ciki. Ban yi masa alkawari ba.

Kafin ya tafi, Auta ya tattara ƙafafun nan huɗu da ragowar filawud ya zuba a jakarsa, wai zai yi ɗan teburin ɗora kwamfuta. Yana bakin ƙofa na ga ya tsaya, ya ciro falankin, ya kara a kunne yana ƙwanƙwasawa.