Tsirkiyar da na sauya ranar Alhamis

Wata biyar ke nan, amma har yau in na buɗe akwatin gogena sai daren Asabar ɗin nan ya faɗo mini a rai. Laifin nawa ne ni kaɗai, kuma tun ranar Alhamis na aikata shi.

Mu biyar ne a ƙungiyar: goge biyu irin na Turawa, wato biyolin, da babban goge mai zurfin murya da ake kira celo, da sarewar katako, sai hafsikod, kakan fiyano, wanda ke tsakurar waya maimakon dukanta. Ni ne mai goge na biyu. Duk cikinmu Malama ce kaɗai kiɗa ya zama sana'arta, ta yi shekaru tana koyar da kiɗan zamanin barok, wato kiɗan Turai na ƙarni na 17 zuwa tsakiyar na 18, a nan Morabiya, gabashin ƙasar Cek, inda karatu ya kawo ni. A farkon Oktoba aka gayyace mu wata ƙaramar fada ta ƙauye, mu yi wasa a zauren da aka zane bangonsa kaf da makiyaya da tumaki da itatuwa. Malama ta ce to, bangon ne zai zaɓa mana abin da za mu kaɗa.

Ba mu sha wuyar nema ba, don wannan yanki rumbun irin kiɗan ne. A garin Kromeriz, wanda sojojin Suwidin suka ragargaza a 1643, bishof Karl Liechtenstein-Castelcorno ya sake gina fada, ya tara makaɗa, ya kuma tara takardun kiɗa masu ɗimbin yawa a zamanin mulkinsa, daga 1664 zuwa 1695. A nan gwanin goge Heinrich Biber ya yi aiki kafin a aike shi sayo kayan kiɗa a 1670, ya zarce Salzburg bai dawo ba. Muka ɗauki wata sonata, wato kiɗa zalla ba waƙa, da ake dangantawa da shi, wadda goge ke kwaikwayon kukan kwaɗo da kaza da zakara da kyanwa. Muka ɗauki kiɗan makiyaya na Johann Heinrich Schmelzer, sarkin makaɗan fadar Biyana da annoba ta kashe a Farag a 1680. Za mu rufe da sashen makiyaya na kiɗan daren Kirsimeti na makaɗin Italiya Corelli, wanda aka buga a Amsterdam a 1714, shekara guda bayan rasuwarsa.

Abin da ya haɗa kiɗan makiyaya na wancan zamani shi ne murya guda da ke kwance a ƙasa, ba ta hawa ba ta sauka, sauran muryoyi na lilo a kanta. Kwaikwayo ne na algaitar makiyayan Turai mai jakar fata, wadda iskarta ba ta yankewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita a ƙofar fada, ya ga kumatunsa a kumbure sauti na zuba ba hutu, ya san abin da nake nufi. A kiɗan Schmelzer, Malama ta ɗora mini wannan muryar a wurare da dama: in ja baka a kan tsirkiyar D, ɗaya daga tsirkiyoyin goge huɗu masu suna E, A, D da G, a sake, ba yatsa a kanta, ita kuma tana yawo a sama. Na ji daɗi ƙwarai, don a ganina babu abin da ya fi shi sauƙi.

Daren Alhamis na lura tsirkiyata ta sama ta fara gashi. Tsirkiyar hanjin tumaki haka take, in ta tsufa sai zare-zare ya fara tashi a jikinta. Da ita kaɗai na sauya, da da sauƙi. Sai zuciya ta ce mini, tunda za a naɗi wasan, me zai hana duka su zama sababbi? Na kwance uku, E da A da D, na ɗaura sababbi, na bar G kaɗai don tana da naɗin azurfa kuma lafiyarta ƙalau. Shekara goma sha ɗaya na yi ina kaɗa tsirkiyar ƙarfe, wadda in ka ɗaura yau gobe ta zauna. Hanji ba haka yake ba. Yana ta miƙewa kwana da kwanaki, mai kauri irin D ma ya fi daɗewa. Na san wannan, an gaya mini ba sau ɗaya ba. Ban kuma faɗa wa Malama abin da na yi ba, kuma wannan shirun ya fi sauyin kansa ci mini rai.

Da muka isa ranar Asabar, sanyin zauren ya ratsa ni tun daga bakin ƙofa, ga warin danshi irin na ɗakin da ya kwana biyu a rufe da damina. Na tambayi dattijon da ke kula da fadar ko za a kunna na'urar ɗumama ɗaki. Ya nuna bango ya girgiza kai. Ya ce zanen a kan ɗanyen shafe aka yi shi, launi ya shige cikin farar ƙasar ya zama jikinta. In ɗaki ya yi ɗumi farat ɗaya ya bushe, gishirin da ke cikin bango sai ya fito ya daskare a bayan launin, ya turo shi, zane ya fara ɓarewa. Gaskiyarsa ce, ban kuma ga laifinsa ba ko kaɗan. Ashe bangon da ya zaɓa mana kiɗa shi ne kuma zai zaɓa mana iskar da za mu kaɗa a ciki.

Ana gab da farawa ruwa ya sauko. Mutum wajen saba'in suka shigo da jiƙaƙƙun riguna, aka rufe ƙofa, numfashi ya cika ɗaki. Hanji yana shan laima, in ya sha sai ya saki, murya ta yi ƙasa. Tsohuwar tsirkiya takan saki kaɗan. Sabuwa mai kwana biyu kuwa, wadda dama ba ta gama miƙewa ba, sai abin da Allah ya yi.

Na saita gogena da hafsikod kafin mu fara, komai daidai. Kiɗa na farko ya wuce lafiya, don inda yatsa ke danna tsirkiya kana iya gyarawa, ka ɗan matsa gaba ba wanda ya sani. Muka shiga na Schmelzer ban sake saitawa ba, don na ji kunyar tsayar da mutane. Na ja baka a kan D, nan take na ji ta. Ta sauka. Ba sosai ba, amma daidai gwargwadon da sautina da na celo suka fara karo suna rawa a iska, wuu-wuu-wuu, kamar fanka mai lanƙwasasshen fiffike. Muryar da aka ce ta kwanta shiru ta riƙe kowa, ita ce ta zama ƙaya. Malama ta ɗago ido ta dube ni sau ɗaya. Na ci gaba da jan baka, hannuna na hagu a sandare, ina kallon wani makiyayi a bango mai rigar alharini da tumakinsa farare fat, ina roƙon Allah kiɗan ya ƙare.

A hutun tsakiya ta ja ni gefe. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗana, yaushe ka sauya su?"

"Shekaranjiya, Malama. Ki gafarce ni."

"Na gafarta. Amma ina ɗan ƙaramin yatsanka yake? D ɗin nan tana nan a kan tsirkiyar G. Ka danna ta can mana."

Wallahi sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsohuwar G da ban taɓa ba tana nan daram, murya iri ɗaya na jira a ƙarƙashin yatsana na huɗu, tsawon kiɗan nan kaf, tsoro ya hana ni tunawa. Sautin ba zai kai na sakakkiyar tsirkiya amo ba, amma da ya zauna daidai.

Bayan hutu na saita goge kafin kowane kiɗa, a tsanake, mutane na jira, babu kuma wanda ya nuna ƙosawa. Kunyar da ta hana ni ɗazu ashe ba ta da tushe. Masu sauraron irin wannan kiɗa sun saba, sun san hanji ne. Corelli ya fita yadda muke so, har na ga wata tsohuwa a layin gaba ta lumshe ido tana kaɗa kai a hankali. A nan ne na fara jin abin da mazanin bangon yake nufi. Na girma ina ganin makiyaya na gaske, da ƙurar garke da kaushin ƙafa da sarewar kara da yamma, don haka da farko na raina waɗannan masu rigar alharini. Amma kwanciyar hankalin da ya zana gaskiya ce, irin wadda ke sauka in shanu sun ƙoshi sun kwanta suna tuƙa, kuma ita Corelli ya sa a kiɗansa.

Sai dai aikin gama ya gama. Mu biyar muka haɗa kuɗi muka ɗauko mai naɗar sauti, da niyyar aika kiɗan Schmelzer ga masu shirya wani bikin kiɗa na bazara, don shi ne ya fi nuna ƙungiyar. Naɗin bai aiku ba, lokacin karɓa kuma ya wuce kafin mu sami wani zauren. Ba wanda ya ce mini uffan a mota da muke komawa, ni kuwa da sun yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Wanda duk zai kaɗa hanji a tsohon gini, don Allah kada ya sauya tsirkiya in bai da mako guda a gabansa, gwamma ma biyu. In dole ta kama, ya sauya wadda ta lalace kaɗai, ya kuma gaya wa shugabansa. Ni yanzu na sayi wani tsohon goge mai araha, ba don kaɗawa ba, na ɗaura masa sababbin tsirkiyoyi suna miƙewa a kai, in bukata ta taso in kwanto. Kowace murya da zan riƙe a sake kuma, sai na koya wa hannuna inda take a tsirkiyar maƙwabciya.

Dattijon ya aiko cewa mu koma a watan Mayu. Na riga na roƙe shi ya buɗe mini zauren awa uku kafin wasa, in ajiye gogen a buɗe ya sha iskar ɗakin, ya ce ba komai, muddin ban jingina akwatin da bango ba.