Hawa da firij bene ta matakala mai kwana

Yayata tana sayar da zoɓo da kunun aya, kuma gidan hayar da ta koma a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi da ke Kano ɗakunanta a sama suke. Firij ɗinta irin dogon nan ne mai murfi biyu, ya ɗan fi ni tsawo. Matakalar gidan ta siminti ce da aka shimfiɗa wa tayil, faɗinta bai kai mita ɗaya ba, a tsakiya kuma ta karya kwana ta juyo baya gaba ɗaya. Ni aka ɗora wa hawa da shi.

Tun kafin a-kori-kura ta iso na ari tef a wurin kafinta na hau awo. Faɗin matakala kowa yana tunawa da shi. Abin da ake mantawa shi ne ɗan filin da ke kan kwana, inda dole kaya ya juya, da kuma tazarar da ke tsakanin matakala da dekin da ke samanta. Kayan da zai juya, daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ake auna shi. Firij mai santimita 70 ta kowane ɓangare, idan ka auna shi a karkace ya kusa mita ɗaya cif. Da na gwada wannan da filin kwanar, na ga a yadda yake ba zai juya ba.

Da na je ɗauko 'yan dako na faɗa musu komai: bene ne, matakala siririya, akwai kwana. Muka yi ciniki a kan haka. Ina ganin zalunci ne ka ce wa mutum "ɗan kaya ne kawai", sai ya zo ya tarar da abin da zai iya karya masa baya, sannan ka tsaya jayayya a kan ɗan abin da za ka ƙara masa. Babbansu dattijo ne, ya hau matakalar ya sauko, ya dubi firij ɗin ya ce, "Malam, a kwance murafun nan, a fitar da duk abin da ke motsi a ciki." Muka cire gilasai da akwatin kayan miya, muka kwance murafun da sukudireba, na zuba kusoshin a leda na sa a aljihu. Nauyi ya ragu, kauri ma ya ragu da 'yan santimitocin da muke nema.

Nauyin firij a gindinsa yake, ta baya, inda injin yake zaune. A kan matakala kuma kaya yana kwantowa kan wanda ke ƙasa. Saboda haka ƙarfafa biyu suka tsaya a ƙasa, ɗaya ya riƙe kai a sama, ni aka ba ni igiyar da aka ɗaura a ƙugun firij ɗin, ina can gaba ina tamke ta duk lokacin da suka ɗaga. Dattijon ya ga na fara naɗe ta a wuyan hannu, ya ce, "A'a Malam, riƙe ta kawai. In ya suɓuce, da kai zai tafi." Ya sa kowa ya cire silifas, ya sa aka goge tayil ɗin ya bushe, Yaya ta kwashe yara ta kulle su a ɗaki.

Abin da ya fi burge ni shi ne baki ɗaya ke magana. Shi kaɗai yake cewa "ɗaga", shi yake cewa "ajiye". Tudu ɗaya ake hawa, a dire gindin a kan kwalin da aka shimfiɗa, a numfasa, a sake. Ba a yarda an kwantar da firij ɗin ba, an dai kishingiɗa shi kaɗan. Dalili kuwa akwai mai a cikin injinsa, idan aka kwantar da shi man yakan gangara cikin siraran bututun da iskar sanyi ke bi. Ba a kuma yarda bayansa ya gogi bakin matakala ba, domin iskar da ake sa wa firij da yawa na yanzu, R600a, tana kama wuta idan bututu ya huje.

A kwanar ne aikin ya tsaya cak. Suka miƙar da shi tsaye a kan tsohon bargo, sai dattijon ya ce a bar ɗagawa, a ja bargon. A kan tayil bargo yana sulɓi, firij ɗin ya dinga juyawa kaɗan-kaɗan, kusurwarsa na wucewa ta jikin bango da tazarar da yatsa ma ba zai shiga ba. Ina tsaye ina kallo na tuna masu ginin da ke matse matakala don shagon ƙasa ya ƙara faɗi. Firij dai kaya ne, ana iya kwance masa murfi. Ranar da za a sauko da mara lafiya, ko a sauko da makara, da me za a rage faɗi? Duk mai neman hayar bene ya kamata ya dubi wannan tun kafin ya biya kuɗi.

Rabi na biyu bai ba da wahala ba. Muka mayar da murafun, na saƙala takarda a bakin robar na rufe na ja, don in tabbatar ta kama ta ko'ina ba inda sanyi zai zurare. Ana cikin haka aka kawo wuta, Yaya ta ɗauko wayar firij ɗin za ta jona. Na ce, "Yaya, ki bar shi tukuna, man ya koma mazauninsa." Masu gyara suna cewa a ba shi 'yan sa'o'i idan an kishingiɗa shi, idan kuwa an kwantar da shi a bar shi kwana guda a tsaye. Zoɓon ranar a firij ɗin maƙwabciyarta ya kwana, nata sai da safe ta kunna shi.