Gishiri da siminti a bangayen tsibirin Gore

Tsibirin Gore ɗan ƙarami ne, tsawonsa bai wuce mita 900 ba, faɗinsa kuma wajen 350, yana bakin tashar jiragen ruwan Dakar a Senegal, tafiyar kamar minti 20 a jirgin fito. Abin da ya jawo masa Turawa mafaka ce: jirgi na iya jefa anga a gefensa ya tsira daga iska da igiyar ruwan tekun Atlantika. 'Yan Fotugal sun iso a 1444, 'yan Holan suka biyo baya suka raɗa masa suna, Faransa ta ƙwace shi a 1677, Ingila ma ta riƙe shi fiye da sau ɗaya. An yi cinikin bayi a nan, bauta kuma ta ci gaba har Faransa ta haramta ta a 1848. Da aka kafa Dakar a 1857 sai jiragen suka koma can, Gore ta zauna da tsofaffin gidajenta. Wannan koma-bayan ne ma ya hana a rushe su. UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 1978.

Yau babban abokin gabar gidajen nan gishiri ne. Iskar teku tana watsa shi a jikin bango, danshin ƙasa kuma yana hawa da shi daga tushe. Idan ruwan ya bushe, gishirin yakan daskare ya zama ƙwayoyi a cikin ƙananan ramukan ginin, ya yi ta turawa har yaɓen ya kumbura ya ɓare. Duba ƙasan bango, daga tushe zuwa kamar mita ɗaya: farin gari, fenti ya yi ɓawo, ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ganga.

A nan magina da yawa suke kuskure. Sai su kankare su shafa siminti, don yana kamawa da wuri kuma yana da kyan gani ranar da aka gama. To amma tsohon ginin dutse da farar ƙasa numfashi yake yi, danshi ya shiga ya fita. Siminti yana toshe hanyar, ruwan ya hau sama da inda aka shafa, ko ya fito ta cikin ɗaki, gishirin kuma ya koma cin ginin kansa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Gyaran da ke ɗorewa yana cin lokaci. A fara da rufi da indararo, don duk aikin da aka yi ƙarƙashin yoyo asara ne. A cire simintin da guduma da kurfi a hankali, a bar bangon ya sha iska, a share gishirin da busasshen buroshi, ba da ruwa ba, kada ya narke ya koma ciki. Kwaɓin kuwa awo ɗaya na farar ƙasa ne, uku na wankakken yashi. Yashin bakin teku haramun ne sai an wanke shi tas, in ba haka ba ka zuba cutar da hannunka. Kowane shafi kada ya wuce kaurin santimita ɗaya, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu na 'yan kwanaki, domin farar ƙasa tana ƙarfi ne sannu a hankali da iskar da take zuƙa. Rana ta busar da ita da gaggawa sai ta tsattsage. Duk ƙarfen da ke binne a bango a zare shi, tsatsa tana kumbura shi har ya fasa dutse.

Igwa ko anga da aka tsamo daga teku ma haka ne. Aka bar ta ta bushe a fili, gishirin cikinta zai sa ta riƙa ɓarewa falle-falle. Ana ajiye ta a jiƙe cikin ruwan sodar sabulu, wajen kashi 2 cikin 100, a haɗa mata wutar lantarki mara ƙarfi, ana sauya ruwan ana auna gishirin da ya fito. Babbar igwa takan shekara biyu ko fiye a cikin tankin kafin a busar da ita a shafe ta da kaki ko fentin kariya.