Wutar batir ba ta jan mutum, amma tana ƙona jirgi

Ranar Talata masunta ba sa shiga teku a Accra, shi ya sa duk mai gyara ya san ranar ce ta aiki a bakin ruwa. Na je Jamestown duba motar wani mai jigilar kifi, sai na hangi wani yaron unguwarmu ta Nima durƙushe cikin kwale-kwale, yana ja wa masunta soket na cajin salula daga batir. Wayar gida ce a hannunsa, mai sanda ɗaya, ya murɗa bakinta a kan batir ya naɗe da salatif. Na ce, "Ɗana, ina fis ɗinka?" Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Baba, bolt 12 ce fa, ba ta jan mutum." Jikina ya yi sanyi, don da bakina na taɓa faɗin wannan magana.

Lokacin ban daɗe da barin hannun maigidana ba, ina wayarin mota, ina jin babu wutar da ta fi ƙarfina. Wani mai kwale-kwale a Chorkor, wanda nake gyara wa mota, ya ce in sa masa soket biyu a jirgi, ɗaya na fitila, ɗaya na rediyo. Na ɗebi ragowar wayar da aka yi wa wani gida aiki da ita. Fis kuwa, wato ɗan abin da ke tsinkewa ya yanke wuta in ta yi yawa, sai na je Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota, kuma ya riga ya matse kuɗin aikin har ba za su kai ni can su dawo da ni da riba ba. Sai na haɗa kai tsaye, na bi da wayar ta ƙarƙashin katakon zama, dab da jarkokin fetur. Fitila ta kama, ya sa mini albarka, na tafi.

Wayar gida an yi ta ne don ta kwanta cikin bango ba motsi. A jirgi kuwa inji yana girgiza ta, igiyar ruwa tana dukanta, gishiri yana shiga ta bakin salatif yana cin jan ƙarfen har ya koma kore. Wata rana da dare, suna can tsakiyar teku, robar ta goge a jikin ƙusa, jan waya mai kai wuta da baƙi mai mayar da ita suka haɗu. Batirin da ke tayar da injin mota yana iya zubo ɗaruruwan amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke gudu a waya, a lokaci guda, kuma babu abin da na sa a hanya da zai tsinke ya tsayar da shi. Wayar ta yi jajir tun daga batir har soket. Wani matashi cikin ma'aikatan jirgin ya kama ta da hannu ya fizge. Allah ya tsare fetur bai kama ba, amma tafin hannunsa ya ƙone, yatsunsa biyu ba su sake miƙewa ba. Mutumin da da hannu yake jan koma.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa laifin ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma har yau ban bar wannan tunanin gaba ɗaya ba. Maigidana mota ya koya mini, inda jikin ƙarfe ne ke mayar da wuta kuma kamfani ya riga ya sa akwatin fis. Ba wanda ya taɓa ce mini jirgi daban ne. Kayan aikin ruwa ba a samunsu a kowane shago. Mai jirgin ma da ya ƙara 'yan kuɗi kaɗan da na je kasuwa. Duk gaskiya ne. Sai dai na san amfanin fis, kullum ina canza shi a motocin mutane. Ganin ido na bar shi, don na raina ƙaramar wuta kuma ina sauri. Da na je gaishe da yaron da ya ƙone, mahaifiyarsa ta ba ni kujera da ruwa, ba ta ce mini komai ba, ni ma na kasa cewa ni ne na ja wayar.

Ku yaranmu masu aikin wuta, na so in rubuta muku abubuwa da yawa, amma na san halinku, rabi za ku karanta ku koma kallon bidiyo. To ku riƙe wannan. Fis a kan jan waya, kusa da batir, kada ya wuce kamar santimita 18 daga kan batirin. Waya yake karewa, don haka da kaurinta ake auna shi. Wanda ya sa fis can kusa da soket ya bar duk tsawon wayar babu kariya.

Waya kuma mai silili da yawa, in da hali wadda aka shafe da kuza. Kuma mai kauri. Fitila mai wat 60 amfiya 5 take ja a bolt 12, alhali a wutar gida ta 230 kusan rubu'in amfiya ne kawai. Soket irin na mota yawanci amfiya 10 ne iyakarsa. In yana nesa da batir mita 5, wuta mita 10 za ta yi zuwa da dawowa, waya mai kaurin skwaya milimita 1.5 za ta cinye fiye da bolt 1 a hanya, mai 4 kuwa ƙasa da rabin bolt. Waya biyu za ka ja, ko da jirgin na ƙarfe ne, kada ka mayar da wuta ta jikinsa. Tsakiyar soket ja, gefensa baƙi. Ka kafa shi sama, da murfi, nesa da fetur, don tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake taruwa yana jiran tartsatsi. Kada ka sa soket ɗin gida mai ƙafa uku a layin batir.

In mai jirgi ya ƙi biyan kuɗin fis da waya mai kyau, ka tattara kayanka ka tafi. Ko da yake, in ka tafi wani zai kira wanda bai kai ka sani ba, kuma 'ya'yan mutane ne za su hau jirgin. To ka zauna ka yi aikin, ka sayi fis ɗin da kuɗinka. Kuna da kuɗin data kullum, na fis ne ba ku da shi?

Haɗin waya a matse shi da kan waya na ƙarfe, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. Dalma ita kaɗai ba ta isa ba, wurin yakan sandare ya karye da girgiza. Amma in ba ka da abin matsewa, gara dalmar da murɗawa da salatif, ka dai ɗaure wayar kada ta yi lilo. Kuma ka gaya wa masu jirgin da bakinka, a gaban kowa, cewa in fis ya ƙone a nemi abin da ya ƙona shi. Kada wani ya cusa takardar azurfa ta kwalin sigari a gurbinsa.